Na'urar Littafi Mai Tsarki mai magana: shekara biyu ina yawo da ita a ƙauye

Ni mai wa'azi ne a ƙauye. Majami'u uku nake lura da su, babba ɗaya a inda nake zaune, da ƙanana biyu waɗanda sai na hau babur na yi tafiya mai nisa kafin in kai. In damina ta yi ƙarfi rafi ya cika, to sai dai mu aika wa juna gaisuwa ta bakin masu wucewa. Ran Lahadi idan na tsaya gaban jama'a na ce a buɗe Markus sura huɗu, hannuwan da ke motsi ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran suna zaune suna jiran in karanta musu. Wasu ba su taɓa shiga aji ba, wasu sun iya haɗa baƙi a dā amma yanzu ido ya gaza, wasu kuma suna da Littafin a gida, an naɗe shi cikin ƙyalle an ajiye a ƙasan akwati saboda girmamawa, mai karantawa ne babu. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller da abokan aikinsa suka sha wahalarsa shekaru da yawa. An doshi shekara ɗari ke nan, amma akwai gidaje a cikin ikilisiyata da abin da suka sani a cikinsa bai wuce 'yan ayoyin da nake karantawa kafin wa'azi ba.

Wannan ne ya sa na sayi na'urar nan mai karanta Littafi Mai Tsarki da murya. Guda ɗaya na fara saya daga aljihuna don in gwada. Bayan wata uku na kai maganar gaban dattawan ikilisiya, suka yarda aka cire daga baiko aka ƙara huɗu. Yanzu shekara biyu da 'yan watanni muna aiki da biyar ɗin, sun zaga gidaje, sun je gona, sun kwana a gefen gadon marasa lafiya, ɗaya ma ta faɗa cikin taɓo. Abokan aikina da yawa suna tambayata ko ta cancanci a kashe mata kuɗin ikilisiya, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani, daɗinsa da rashin daɗinsa.

Girmanta bai wuce tafin hannu ba. Jikinta roba ce mai kauri, a gaba akwai lasifika da 'yan maɓallai, a baya kuma duk faɗin farantin sola ne. A gefe akwai ramin sa abin kunne, da ramin caji irin na waya, da wurin sa katin memori, da 'yar fitila a ka. Babu allo, babu rubutun da za a duba, kuma wannan da gangan aka yi, domin wanda aka ƙera ta dominsa ba karatu yake yi ba. In ka danna maɓallin littafi, murya ce za ta faɗi sunan littafin da ka iso, Farawa, Fitowa, har ka kai wanda kake nema. Wani maɓallin kuma yana tsallaka sura. Littattafai 66 ɗin suna ciki duka, 39 na Tsohon Alkawari da 27 na Sabon Alkawari, surori 1,189. Mutanena ba su wahalar da bakinsu da dogon suna ba, "rediyon Malam" suke ce mata, ko da yake na sha gaya musu ta ikilisiya ce.

Gidan farko da na kai ta shi ne na wata dattijuwa da ta girmi mahaifiyata. Mijinta ya rasu da daɗewa, babban ɗanta ma ya bi shi, idonta kuma yana gani dishi-dishi. Ba ta fashin sujada, a benci na biyu take zama kullum. Na zauna a bakin ƙofarta na kama babban yatsanta na ɗora a kan maɓallin kunnawa, na sa ta danna ta kashe, ta danna ta kashe, har ta saba. Na saita mata Littafin Rut domin gajere ne, sura huɗu kawai, na tafi. Da na komo bayan kwana uku, tun kafin mu gama gaisuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Malam, ashe akwai irina a ciki?" Na ce, "Wace ce, Mama?" Ta ce matar nan da ta koma garinsu hannu wofi, mata suka fito suna tambaya ko ita ce, ta ce kada a ƙara ce mata Na'omi, a ce mata Mara, gama ta sha ɗaci. Ta ce ta ji wurin ya fi sau goma. Daga nan ta yi mini tambayar da har yau take raina: "Ɗana, shekara nawa kana mana wa'azi, me ya hana ka gaya mana wannan?" Na yi wa'azi a kan Rut ba sau ɗaya ba, amma kullum a kan amincin Rut da alherin Bo'aza nake tsayawa. Aya ta 20 da ta 21 a sura ta fari wuce su nake yi da sauri don in kai inda labarin ya yi daɗi. Ita kuwa a nan ta tsaya, domin a nan ta ga kanta. Ran nan na san kuɗina bai tafi a banza ba.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a kan wannan Littafi ji ne ya riga gani. Mu da muka je makaranta mukan manta cewa yawancinsa don a karanta da ƙarfi a gaban jama'a aka rubuta shi. A Nehemiya sura 8, Ezra ya tsaya a kan dakalin katako yana karanta Attaura tun da sassafe har tsakar rana, maza da mata suna tsaye suna kasa kunne. Bulus ya gaya wa Kolosiyawa cewa in an gama karanta wasiƙarsa a cikinsu a sa a karanta ta a ikilisiyar Lawudikiya ma, a ƙarshen wasiƙar Tasalonikawa ta fari kuma har gama su ya yi da Ubangiji a karanta ta ga dukan 'yan'uwa. Littafin ƙarshe ma, Wahayin Yahaya, da albarka ya buɗe, ga mai karantawa guda ɗaya da masu ji da yawa. Saboda haka idan na ga mutum takwas sun kewaye 'yar na'urar nan da dare a tsakar gida, ba na ganin sun samu abin da bai kai na mai karatu ba. Yadda Kiristocin farko suka karɓi Maganar ke nan, Romawa 10:17 kuwa ta faɗa a sarari cewa bangaskiya ta wurin ji take samuwa.

Muryar tana fita sarai. A cikin ɗaki mutum goma zuwa goma sha biyar za su ji ba tare da sun matso ba. A fili kuwa in akwai iska, sai an yi da'ira an ɗora ta a tsakiya a kan kujera. Na lura in aka sa ta cikin ƙaramar roba ko aka jingina ta da bango, muryar takan ƙara kauri. Idan aka ƙure ƙarar har ƙarshe lasifikar tana ɗan karkarwa, haruffa irin su "s" da "sh" suna cakuɗewa, tsofaffi masu nauyin kunne kuma su ne suka fi ƙurewa, su ne kuma suka fi shan wahalar wannan. Gara a ba su abin kunne. In ruwan sama ya sauko a kan rufin kwano, babu abin da za a ji, sai a kashe a jira. Don sujada a majami'a ba ta isa ita kaɗai ba, amma da 'yar igiya ana haɗa ta da babbar lasifika ta ramin abin kunnen, na yi haka ran Jumma'a Mai Kyau muka saurari labarin shan wuyar Ubangiji tun daga Getsamani har kabari, ba wanda ya yi tari.

Karatun iri biyu ne a cikin tawa. Tsohon Alkawari mutum ɗaya ne yake karantawa, a natse, ba gaggawa. Sabon Alkawari kuwa an yi shi kamar wasan rediyo, kowa da muryarsa, ga kiɗa a ƙasa, ga ƙarar teku da hayaniyar taro. Yara da matasa sun fi son wannan, kuma na yarda yana riƙe hankali. Ni dai na fi son na mutum ɗaya. Akwai wuraren da kiɗan yake danne magana, musamman a lasifika ƙarama irin wannan. Akwai kuma abin da ya fi damuna: wanda ya yi muryar Yesu ya sassauta ta ko'ina, murya ɗaya mai laushi daga farko har ƙarshe, har a Matiyu 23 inda yake jera "kaitonku" a kan malaman Attaura da Farisiyawa. Mai karatu da idonsa zai iya jin zafin wurin da kansa, mai sauraro kuwa abin da aka zuba masa a kunne shi zai ɗauka. Duk wanda ya karanta da murya ya riga ya yi rabin fassara, ya kamata masu yin irin wannan aiki su ji nauyin hakan.

Sai maganar fassara, wadda ban yi tunaninta ba sai da ta same ni. Ba fassarar Hausa ɗaya ba ce a hannun mutane. Wata tana cewa Yohanna, wata tana cewa Yahaya, kalmomin ayoyi ma sun sha bamban nan da can. Wani dattijo da ya haddace Zabura 23 tun yana yaro ya kawo mini ƙara cewa rediyon tana yin kuskure, ba haka ayar take ba. Sai da na ɗauko littattafai biyu na buɗe masa gefe da gefe, na bayyana masa cewa da Ibrananci aka rubuta Zabura, duka biyun kuwa ƙoƙari ne na juyo ta zuwa harshenmu. Ya gamsu, amma ya ce shi a kan tasa zai mutu, na ce babu laifi, Baba. Shawarata ga mai saye ita ce ya tafi da Littafin da ake karantawa a majami'arsu, ya kunna sura ɗaya a gaban mai sayarwa yana bi da yatsa. In sun dace, ka samu riba biyu. Ina da 'yan mata biyu a ajin baftisma da suka bar makaranta da wuri, karatunsu da ƙyar, sai suka riƙa kunna Bisharar Luka suna bin baƙaƙen da yatsa a cikin Littafi. Kafin shekara ta zagayo ɗayarsu ta tsaya ta karanta nassi a gaban ikilisiya. Dā ina tsoron na'urar za ta sa mutane su yi watsi da koyon karatu, abin da na gani kuwa akasin haka ne.

Yanzu ga inda take da rauni, kuma ba zan rufa mata asiri ba. Batir shi ne babbar matsalarta. Tana sabuwa, in an cika ta da wutar caji, takan yi mana kusan dare huɗu ana sauraron awa biyu-biyu. Farantin solar da ke bayanta kuwa ƙarami ne ƙwarai, wuni guda a rana mai kyau bai fi ya ba ka sauraron dare ɗaya ba, in gari ya yi lumshi kwana biyu sai ta yi shiru. Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba. Batirin irin na waya ne, na litiyam, zafi kuwa shi ne abokin gabansa, yana rage masa kwana. Ga shi an manne farantin a jikin na'urar, wato ba yadda za ka shanya farantin a rana ba tare da ka gasa batirin ba. Wani ɗan'uwa, da kyakkyawar niyya, ya riƙa ɗora tasa a kan rufin kwano tun safe har la'asar. Cikin 'yan watanni bayanta ya kumbura, murfin ya ɗaga, caji ba ya zama ko na minti ashirin. Batirin kuma a rufe yake ciki, ba a yi shi don mai ita ya canja da hannunsa ba. Sai da na kai wa mai gyaran waya ya ɓalle ta, ya nemo wani batirin da ya yi daidai ya liƙa da dalma. Tana aiki, amma yanzu da roba muke ɗaure ta. Da masu ƙera ta za su ji tawa, da sun raba farantin da jikin na'urar, su haɗa su da igiya mai ɗan tsawo, faranti a rana na'ura a inuwa, su kuma yi wa batirin ƙofa. Kafin su yi, abin da nake gaya wa mutanena shi ne a shanya ta da hantsi a kan itace ko tabarma, a ɗauke kafin rana ta take, a riƙa goge ƙurar farantin, in kuma akwai mai babbar sola a kusa a kai a yi caji da igiya.

Rauni na biyu maɓallan ne. Duk girmansu ɗaya, siffarsu ɗaya, an zana musu alamu da farin fenti wanda ya goge cikin wata shida. Na'urar da aka yi domin makafi da tsofaffi ya kamata yatsa ya gane kowane maɓalli ba sai ido ya taimaka ba. Na ɗiga wa maɓallin kunnawa ɗan gam ya bushe ya yi tudu, wannan ya taimaka ƙwarai. Neman wuri kuma aiki ne. Zabura tana da surori 150, mai son ta 119 sai ya yi ta dannawa fiye da sau ɗari, in ya zarce kuma ya komo. Takan tuna inda aka tsaya in an kashe ta da hannu, amma in batir ya mutu ɗungum sai ta koma Farawa sura ɗaya. Wata mata ta yi mako biyu tana jin labarin halitta, ta kasa komawa Yahaya inda na saita mata, kunya kuma ta hana ta faɗa. Abin ya taɓa ni, tun daga ranar duk gidan da na kai ta sai na nemi yaro ɗaya mai wayo na koya masa yadda ake nemo littafi.

Ba ta zuwa aya kai tsaye, sura take kamawa daga farko. Da fari na ɗauki wannan a kan aibi, domin mu masu wa'azi da aya muka saba aiki. Daga baya na canja ra'ayi. Surorin nan da muke gani, Stephen Langton, babban bishop na Kantabari wanda ya rasu a 1228, shi ake danganta wa tsara su, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551 wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su. Fiye da shekara dubu ikilisiya tana jin wasiƙun Bulus ba waɗannan lambobin a ciki. Lambobin suna da amfani, ban musa ba, amma sun koya mana tsintar aya ɗaya mu bar 'yan'uwanta. Na'urar nan tana tilasta wa mutum ya ji abin da ke gaba da abin da ke baya. Ni kaina wata rana ina shema a gona na sa ta a aljihun riga na saurari Markus tun daga farko har sura ta 16, wajen awa ɗaya da rabi. Na karanta Markus ban san iyaka ba, amma sai ran nan kunnena ya kama yadda "nan da nan" take ta dawowa, nan da nan suka bar tarunansu, nan da nan ya shiga majami'a, nan da nan kuturtar ta rabu da shi, kamar mai ba da labarin yana gudu yana haki. Ido yakan tsallake irin wannan, kunne ba ya tsallakewa.

Abin da nake so abokan aikina su fi riƙewa shi ne wannan. Kada wani ya saya yana zaton ya samu mataimakin da zai rage masa tafiya. Tun da na'urorin nan suka shiga gidaje, aikina ƙaruwa ya yi. Akwai wani saurayi da ke da 'yar tsama tsakaninsa da mahaifinsa a kan gona. Ya ari na'urar mako guda, ya ji Luka 14:26, inda Yesu ya ce duk mai zuwa wurinsa da bai ƙi ubansa da uwarsa ba, ba zai iya zama almajirinsa ba. Yaron ya ɗauka ya samu izini daga sama. Ya daina gaida uban, ya daina shiga ɗakinsa, in an yi magana ya ce Yesu ne ya faɗa, da kunnensa ya ji. Uwar ce ta zo mini da kuka da sassafe. Na same shi a gona, muka zauna a gindin itace, na ce ya kunna wurin mu ji tare. Daga nan na kai shi Matiyu 10:37, inda maganar ta fito da cewa wanda ya fi son uba ko uwa a kan Yesu bai cancanci zama nasa ba. Na kai shi Markus sura 7, inda Yesu da kansa ya tsauta wa masu fakewa da cewa dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don kada su taimaki iyayensu. Na ce masa, "Ɗana, wanda ya faɗi waccan shi ya faɗi wannan. Kai kuma ka gaya mini tsakaninka da Allah, saboda Yesu ka daina gaida babanka, ko saboda gona?" Ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke bai ce komai ba. Da yamma uwar ta aiko mini cewa ya shiga ya durƙusa.

Na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da ke rubuce ta karanta. Amma ba ta san yaron ba, ba ta san gonar ba, ba ta iya tambayarsa komai. A Ayyukan Manzanni sura 8, mutumin Habasha yana cikin karusarsa yana karanta Ishaya da ƙarfi har Filibus ya jiyo shi, da aka tambaye shi ko yana fahimta, ya ce ina zai iya in ba wani ya bi da shi ba. A Nehemiya ma, bayan Ezra ya karanta, Lawiyawa ne suka shiga cikin jama'a suna bayyana ma'ana. Saboda haka yanzu ba na ba da ita in juya baya. Ina da ɗan littafin da nake rubuta gidan da take da ranar da za ta fito, mako ɗaya-ɗaya. Nakan saita littafi guda in ce a tsaya a kansa, a kira maƙwabta, a ji sura ɗaya sau biyu, sa'an nan kowa ya faɗi abin da ya ji da abin da ya ɗaure masa kai. Ran karɓa nakan zauna in ji tambayoyin. Wasu ina amsawa nan take, wasu sai na koma gida na yi bincike, domin yanzu ana tambayata a kan Habakuk da Amos da Littafin Firistoci, wuraren da na yi shekaru ban taka ba a bagade. Wa'azina ya canja saboda haka, kuma ina gode wa Allah.

Sau ɗaya na tarar an kunna ta an tura ƙarƙashin matashin wani yaro mai zazzaɓi, an rage murya har ba mai ji, ana jiran ta yi aiki kamar laya. Ban yi faɗa ba, na san tsoro ne da ƙauna suka sa. Na ciro ta na ƙara murya muka saurari Zabura 121 tare da iyayen, muka yi addu'a, na ɗauki yaron da uwarsa a babur zuwa asibiti. Mai kai irin wannan na'ura ƙauye ya sa ido a kan wannan tun da wuri.

Wasu za su ce ai waya ma tana yin duk wannan, akwai manhajojin Littafi Mai Tsarki masu murya kyauta. Gaskiya ne, ni ma ina da su a tawa wayar, ga mai karatu kuma mai samun caji da intanet sun fi sauƙin neman aya nesa ba kusa ba. Amma waya sai mai gane rubutun allo, kira yana katse ta, kuma wayar gida ba ta zama a hannun tsohuwa, a aljihun saurayi take kwana. Wannan kuwa abu ɗaya ta iya, ba mai kwaɗayin ɗauke ta. Ramin katin memorin ne kaɗai ƙofar da take buɗe wa wani abu dabam. Mun yi amfani da shi wajen sa wa 'yan mawaƙa sababbin waƙoƙi su koya, ya kuwa yi amfani, amma an taɓa mayar mini da ɗaya akwatin kiɗa a gona har batir ya ƙare kafin dare. Mai saye ya tabbata Littafin yana cikin na'urar kanta, ba a kan katin da za a iya zarewa ko a goge ba.

Ga mai wa'azin da yawancin jama'arsa ba sa karatu, ina ba da shawarar a saya, ko da guda biyu ne a fara da su. Kafin ka biya, kunna ta ka ƙure murya ka ji ko tana karkarwa, rufe idonka ka gwada ko yatsanka zai gane maɓallan, tambaya ko ana iya canja batir, ka kuma duba ko Tsohon Alkawari yana ciki, domin wasu Sabon Alkawari kaɗai suke ɗauke da shi. In ka samu mai farantin sola dabam da jikinta, ɗauki wannan. A cikin biyar ɗinmu, uku suna nan lafiya, ɗaya ita ce mai ɗaurin roba, ta biyar kuma ramin cajinta ya saki, tana wurin mai gyara. Wadda ta faɗa taɓo na cikin masu lafiyar, mun bar ta ta bushe a inuwa kwana uku kafin muka kunna. Ɗaya daga cikin ukun dattawa sun amince ta zauna dindindin wurin Mama, ba a sa ta a layi. Ta gama Rut da Ayuba, yanzu tana cikin Ishaya, jikarta ce ke nemo mata sura. Gidaje goma sha ɗaya ne ke jiran sauran a cikin ɗan littafina, biyu daga ciki a hayin rafi.